Yadda Ake Tanadin Kayan Miya Irin Na Kakanni, Tare Da Rubuta Tarihin Gida

Duk shekara abu ɗaya ke faruwa. Daga Janairu zuwa Maris, in masu noman rani na Kadawa da Kura da Garun Malam da Danja suka shiga ɗiban tumatir gadan-gadan, kwando yakan faɗi warwas, har wani manomin ya gwammace ya bar shi a gona da ya biya kuɗin mota. Da ruwa ya sauka kuma, ƙwaya huɗu za a jera miki a faifai a faɗi kuɗin da zai sa ki fasa miyar dage-dage. Wadda ta tuna shekarar 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, ta san inda tsadar kan iya kaiwa.

Kakanninmu ba su da firji, ba su san tumatirin leda ba, amma da wuya a wayi gari a gidansu babu abin kaɗa miya. Suna saye ko su tsinko lokacin da abu ya yi yawa, su shanya, su adana, abin da ya rage kuma su san inda za su kai shi. Wannan aikin nake yi duk rani da duk kaka, shi zan koya miki. Sai dai a wurina matakin farko ba kasuwa ba ce, ɗakin tsohuwar gidanku ne. Kowane gida da irin hannunsa, kuma in kika je neman dabarar shanya kuɓewa, za ki dawo da labarin inda kuka fito.

KAYAN DA ZA KI TANADA

Na zaman tambaya: littafin rubutu mai kwalin bango wanda ba na yara ba, biro, wayar da ke ɗaukar murya, da ɗan goro ko turare ko wani abin da tsohuwar ke so.

Na shanya: wuƙa mai kaifi wadda ba ta tsatsa, katakon yanka ko bayan tire, tabarmar kaba ko faifai ko asabari, bokiti biyu na wanki, kwando ko matsami na tsane ruwa, gishiri, da tsohon gidan sauro ko mayafi shara-shara. In gidan sauron mai magani ne, kada ki yi amfani da shi a kan abinci, nemi farin yadi mara nauyi. Za ki kuma buƙaci abin da zai ɗaga shanyar daga ƙasa: tebur, gadon ƙarfe da aka daina kwana a kai, ko bulo huɗu da aka gitta wa itace.

Na ajiya: turmi da taɓarya, rariya, kwalabe masu murfi, gwangwanayen madara da aka wanke, bokitin roba mai murfi, ko tukunyar ƙasa da marufinta. Kada ki sayi sabon abu saboda wannan aiki sai in dole. Leƙa ƙarƙashin gado da bayan kicin tukuna, yawanci rabin kayan suna nan. Abu ɗaya ne babu sassauci a kansa: duk jarka ko buhu ko galan da ya taɓa ɗaukar maganin feshi, takin zamani, fetur ko fenti, ya haramta ga abinci, ko sau nawa aka wanke shi.

1. FARA DA ZAMA WURIN TSOHUWA

Zaɓi wadda ta fi kowa shekaru kuma hankalinta yana nan: kaka, goggo, inna, ko surukarki in kuna shiri. Je da hantsi bayan ta karya, ko bayan la'asar. Kada ki zauna kina riƙe da biro kamar mai ƙidaya. Ɗauki aiki ki kai mata, ku yi tare: gyaran zogale, tsince wake, yankan kuɓewa. Tsohuwa ta fi sakin baki in hannunta yana motsi. Nemi izininta kafin ki kunna waya, ki ajiye wayar gefe, ki manta da ita.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da tambaya mai faɗi, irin su "Kaka, ba ni tarihin gidanmu." Za ta ce ba ta san komai ba, a tambayi maza. Tambaye ta abin da hannunta ya sani:

"Hajiya, da damina in babu tumatir, me kuke sa wa a miya?"
"Inna, wa ya koya miki daddawa?"
"Wannan tasar ta ina ta shigo gidan nan?"
"A ina kuke ajiye kuka, a tukunya ko a ragaya?"

Amsar tambaya ta biyu kaɗai za ta ba ki sunan mace guda da ba ki taɓa ji ba, da garin da ta fito, da dalilin barinta can. Bi wannan zaren a hankali. In jika ce ke, yi amfani da wasan da ke tsakaninku; abin da ba za ta faɗa wa 'yarta ba saboda kunya, za ta faɗa miki cikin tsokana.

Ki lura da alkunya. Tsofaffi da yawa ba sa faɗin sunan miji, ko na ɗan fari, ko na suruki. In ta ce "malam" ko "mai gidan nan" ko "yaron nan", kada ki matsa. Rubuta yadda ta faɗa, ki bar fili, daga baya ki tambayi kawu ko baffa ya cike miki. Tambayi kuma sana'ar gidan ta gado, ko rini ce, ko ƙira, ko jima, ko saƙa, ko fawa, ko fatauci, don ita ce ke bayyana dalilin ƙaura daga wannan gari zuwa wancan. In tana da tsaga a fuska, tambaye ta ta wane gida ce. Ta Gobirawa daban, ta Barebari daban, kuma zamanin da ake yin ta yana wucewa.

Batun shekaru shi ne inda mutane kan karaya, domin ba za ta ce miki an haife ta a shekara kaza ba. Auna da abubuwan da kowa ya sani. Tana da wayo lokacin da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna da Kano a 1956? An yi mata aure kafin 'yancin kai na 1960 ko bayansa? Goyon wa take yi lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970? Da fam da sule aka biya sadakinta, ko da naira, wadda ta shigo a farkon 1973? Wa aka sa a makaranta a shekarar UPE, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, 1976, shekarar da aka kashe Murtala? In ta ce iyayenta sun ba ta labarin yunwar Kakalaba, ana maganar wajen 1914 ke nan. Sunaye ma suna taimakawa: Marka da Anaruwa haihuwar damina ce, Azumi ta watan azumi.

Fari na 1973 da na 1984 su ne suka fi muhimmanci ga aikinmu. Tambaye ta me aka ci, me aka sayar, me aka ƙi sayarwa, wa ya tafi cirani bai dawo ba. A nan za ki ji sunayen ganyayen da yanzu ake takawa a wuce, da yadda ake jiƙa su a zubar da ruwan ɗaci. Wani lokaci za ta yi shiru. Ki bar ta, kada ki cike shirun da surutu, kuma in ta sauya zance ki bi ta.

Zama ɗaya kada ya wuce awa guda. Da kin koma gida, a daren nan, saurari muryar ki rubuta. Raba littafin biyu: daga gaba dabarun abinci, daga baya sunaye da garuruwa da shekaru. A kan kowace magana rubuta wadda ta faɗa da ranar da ta faɗa. In goggo ta saɓa wa kaka, rubuta duka biyun, kada ki zaɓi wanda ya fi miki daɗi. In tsofaffin gidanku duk sun rasu, Allah ya jiƙansu, nemi ƙawar kakarki ko tsohuwar maƙwabciya ko kishiyarta da ta rage. Sau da yawa su suka fi sanin abin da aka ɓoye wa 'ya'ya.

2. SAN LOKACIN KOWANE ABU

Tanadi iri biyu ne a shekara. Na rani, daga Janairu zuwa Afrilu: tumatir, tattasai, attaruhu, albasa. Na kaka, daga ƙarshen Satumba zuwa Disamba: kuɓewa, kuka, karkashi, barkono, zoɓorodo. Ba lallai ki yi duka a shekarar farko ba. Fara da kwando ɗaya na tumatir da kwano biyu ko uku na kuɓewa, ki ga yadda hannunki ya faɗa.

Ga tumatir, na fi son tsakiyar Fabrairu zuwa Maris. Hazo ya fara ja baya, rana ta fara zafi, iska a bushe take. A tsakiyar hunturu ma yana bushewa, amma ƙura takan yi masa yawa. In kina kusa da kasuwar sari irin ta Kwanar Gafan ko 'Yankaba, haɗa kuɗi da maƙwabta biyu ko uku ku saya tare, ku raba kuɗin mota.

3. KAUƊAR TUMATIR

Nan ne aikin ya fi yawa, kuma nan aka fi asara.

Zaɓi mai tsoka, mai tauri, wanda ya nuna ja sosai, irin UTC ko Roma. Mai ruwa-ruwa ɗin nan mai tsaga-tsaga yana da daɗi a miya amma ba ya auki a shanya. Kada arahar baje ta ruɗe ki. Wanda ya fashe ya fara tsami, a yau za a markaɗa shi a dafa, ba na shanya ba ne, kuma ɗaya in ya shiga cikin masu kyau zai jawo musu ƙuda. Sa a juye miki kwandon kafin ki biya, don na sama ba shi ne na ƙasa ba.

Ki san tun farko cewa tumatir kusan kashi 94 cikin 100 ruwa ne. Babban kwando in ya bushe, abin da za ki kwasa bai taka kara ya karya ba. Ba cutar ki aka yi ba, ruwan ne ya tafi, kuma ɗan kaɗan daga ciki yana yin miyar gida.

Wanke shi sau biyu, cire hancin, bar shi a kwando ya tsane sarai. Yi yankan da sassafe, don ya sami ranar yini guda cur a ranar farko. Wanda aka yanka da yamma ya kwana da ruwansa, shi ne ke wayar gari da yauƙi. Ƙanana a raba biyu a tsaye, manya a raba huɗu, ko a yi musu yankan ƙawanya mai kaurin ɗan yatsa. Abin da ake so kaurin ya zo ɗaya, don su bushe tare. Yi yankan a kan tire ko cikin roba saboda ruwan da 'ya'yan da ke zuba su taru. Za mu dawo kansu.

Jera su ɗaya bayan ɗaya, ɓangaren da aka yanka yana kallon sama, kada wani ya hau wani. Barbaɗa gishiri kaɗan, kamar yadda za ki sa wa kwaɗo. Gishirin yana jawo ruwa waje, yana kuma rage saurin lalacewa. Wasu gidajen ba sa sawa sam, kuma kauɗarsu tana kyau. In kin sa dai, ki tuna da shi ranar miya.

Ɗaga shanyar daga ƙasa aƙalla zuwa gwiwa, inda iska ke ratsawa ta ƙasa da sama. Rufa yadin a kai, amma ki tokare shi da sanda ko gwangwani don kada ya manne. Kada ki shanya kai tsaye a kan kwanon rufi, domin tsamin tumatir yana cin ƙarfen, ya ɓata ɗanɗano ya baƙanta shi. Shimfiɗa tabarma tukuna. Leda ma ba ta dace ba a kwanakin farko, tana tara gumi a ƙasa. Shanyar bakin kwalta kuwa, wadda ake gani a hanya, ita ce ta ɓata wa kauɗa suna: yashi, hayaƙin mota, kashin awaki. Ta gida ba haka take ba.

Da magariba shigar da ita rumfa ko ɗaki mai iska saboda raɓa da ɓeraye, da safe ki mayar. Daga rana ta biyu ko ta uku, in saman ya yi yaushi ya daina sheƙi, juya su. Gwargwadon zafin rana da kaurin yanka, tana ɗaukar kwana huɗu zuwa mako guda. Ta bushe in kin matse ta tsakanin yatsu babu danshi, tana lanƙwasuwa da ƙyar ko ta karye. Ki riƙa tsince waɗanda suka riga bushewa, ki bar sauran. Duk wadda kika ga baƙin tabo mai gashi-gashi ko farar funfuna a kanta, zubar da ita, kada ki kankare ki ce saura na da kyau.

In gidan haya kike, babu tsakar gida, ga hanyoyi biyu. Ta farko, markaɗa tumatirin, ki dafa ba murfi har ruwan ya ƙone ya yi kauri, ki shafa shi siriri a tire, ki kai saman bene ko bakin taga mai rana. In ya bushe zai ɓanɓaro, sai ki daka ki adana garin. Ta biyu ba ta kakanni ba ce, amma tana aiki: dafa markaɗen tumatir zalla, zuba shi da zafinsa a kwalaben da kika tafasa, sa babban cokali biyu na ruwan lemon tsami a kowace lita, rufe, ki jera kwalaben a tukunya ruwa ya shanye kansu, su tafasa kusan awa guda. Kada ki haɗa da albasa ko tattasai a irin wannan ajiya. Suna rage tsamin da ke hana ƙwayar cuta mai haɗari tsira a cikin kwalba. Murfin da ya kumbura, ko kwalbar da ta yi kumfa ko wari, a zubar ba tare da an ɗanɗana ba.

Ranar amfani da kauɗa, ɗauraye ta, jiƙa ta a ruwan zafi kamar minti 30, ki markaɗa da ruwan jiƙon tare da ɗanyar albasa da busasshen tattasai. Launinta ya fi na ɗanye duhu, tattasan ne ke dawo da jan. In ta yi tsami, ɗan ɗigon ruwan toka ko ƙanƙanuwar kanwa ya isa.

4. TATTASAI, ATTARUHU DA BARKONO

Waɗannan ba su da wahala. Tattasai a tsaga shi biyu, attaruhu a ɗan tsaga gefensa don iska ta shiga, barkono a shanya shi yadda yake. Sun bushe in kin girgiza kin ji 'ya'yan suna kaɗawa. Shafa mai a hannu kafin yankan attaruhu, kuma a kau da yara. Hattara da wanda cikinsa ya yi baƙi ko toka-toka: irin funfunar da ke kama barkono da gyaɗa da masara tana iya haifar da guba mai lahanta hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

5. KUƁEWA

Sayi 'yar matashiya, wadda in kin karya bakinta zai ɓalle ɗas. Wadda ta ƙi karyewa ta tsufa, garinta zai zo da zare-zare ba yauƙi. Wanke ta tun tana ɗungurmi, ki baza ta bushe sarai, sannan ki yanka. In kika yanka da ruwa a jikinta ko a wuƙa, za ta yi yauƙi ta dunƙule ta yi baƙi. Yanka ƙawanya sirara, baza a faifai, ki riƙa motsawa da hannu sau biyu a yini. Kwana biyu zuwa huɗu ta bushe ƙarau.

Shawarata, kada ki daka duka. Garin kuɓewa yana saurin shan iska ya rasa yauƙi da ƙamshi. Ajiye ta a yanke, ki riƙa daka na mako biyu. Da yake ƙarshen damina ake yin ta, ki sa ido a sama, hadari ɗaya ya isa ya ɓata aikin kwana uku.

6. GANYAYE

Kuka, zogale, karkashi, lalo, rama, yakuwa, tafasa. Ƙa'idarsu ɗaya: a inuwa ake shanya su, inda iska ke wucewa, ba a tsakiyar rana ba. Rana tana kashe korensu, tana rage amfaninsu a jiki. Kukar da kika gani ta yi fari-fari ko ruwan ƙasa a kasuwa, ko dai rana ta dake ta, ko ta kwana biyu, ko an haɗa ta da wani abu.

Zage ganyen daga itacen, cire masu rawaya da waɗanda tsutsa ta ci, ɗauraye, tsane, baza siriri a tabarma cikin rumfa ko ɗakin da babu kowa. In ya bushe zai murmushe a tafin hannu. Kuka da karkashi a daka a tankaɗe. Tsakin da ya rage a rariya a sake dakawa, na ƙarshe a zuba wa awaki a dusa. Zogale da rama ki bar su da ganyensu don kwaɗo da fate da dambu.

7. ALBASA DA GABU

Albasa in an bar ta ta sha iska har wuyanta ya bushe tana daɗewa ba tare da an yanka ba. Mutanen Aliero a Kebbi da na Galmi a Nijar, waɗanda albasa ce arzikinsu, a rumfa mai iska suke ajiye ta. Ke ma baza ta a inuwa har wuyanta ya bushe, ware masu rauni da masu kaurin wuya ki fara cinye su, sauran ki zuba a kwando ko ki shimfiɗa a kan yashi busasshe. Kada ta shiga leda.

Lawashin da masu albasa kan yar, shi ake yin gabu da shi. Wanke, tsane, yayyanka, daka a turmi har ya haɗe, ki dunƙula ƙanana ki shanya su bushe har ciki. Ranar miya ki ɗan gasa ko ki soya ɗaya, ki daka da daddawa. Tambayi tsohuwarku ko gidanku na yin sa. In tana yi, akwai yiwuwar kuna da jijiya ta wajen Sakkwato ko Kabi ko ƙasar Nijar, inda ya fi karɓuwa, sai ki bi sawun.

8. AJIYA

Kafin ki rufe komai, gwada shi. Cika kwalba busasshiya rabi da abin da kika shanya, rufe, ki ajiye a rana na 'yan awoyi. In kin ga gumi a jikin kwalbar daga ciki, da saura, mayar da shi shanya. Kuma kada ki kwashe daga rana ki rufe nan take da zafinsa, bari ya huce.

Raba ajiyar ƙanana-ƙanana maimakon babban mazubi ɗaya, don wanda ake buɗewa kullum shi ke shan danshi. Rubuta wata da shekara a jikin kowanne. Ajiye a wuri mai duhu, nesa da murhu da randa, a kan katako ko a rataye. Hikimar ragaya ke nan: ɓera bai kai ba, danshin ƙasa bai kai ba. In tukunyar ƙasa za ki yi amfani da ita, gasa ta a rana yini guda, ki rufe bakinta da ƙyalle kafin marufi.

A watan Yuli da Agusta, duk ranar da aka sami rana mai kyau, fito da kayan su sha iska na awa biyu ko uku, ki duba ƙwari. Kada ki kuskura ki sa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a kayan abinci, ko a kusa da su. In wake kike son adanawa, tsofaffi suna cakuɗa shi da toka mai laushi ko busasshen barkono a rufe ruf. Yau kuma akwai buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska. Jarkar da ta taɓa ɗaukar man girki kawai, in an wanke ta bushe aka cika ta fal aka toshe, ita ma tana yi.

9. ABIN DA YA RAGE

Ruwan tumatir da ya taru a tire shi ne miyar ranar. In tumatirin na gargajiya ne, ɗebi 'ya'yan, bar su a ƙoƙo kwana biyu su ɗan yi tsami, wanke, shanya a inuwa, kin sami iri. Irin zamani da ake sayarwa a gwangwani ba lallai 'ya'yansa su fito kamar uwar ba. Kuɓewar da ta tsufa a bar ta ta bushe a jikinta don iri. Kan kuɓewa, hancin tumatir da ɓawon kayan miya na awaki da kaji ne. In ba ki kiwo, maƙwabciya na yi, ko ki haƙa ɗan rami a gindin zogale ki riƙa binnewa. Ruwan wanke-wanken kayan miya, tunda babu sabulu a ciki, na shuka ne.

Ruwan toka kuma ga yadda ake yi. Ƙona karan gero ko na dawa ko totuwar masara su zama toka fara. Sami tsohuwar ƙwarya ko gwangwani ki huda ƙasansa, shimfiɗa ƙyalle mai tsabta, cika da tokar, ɗora a kan wani mazubi, ki zuba ruwa a hankali ya riƙa ɗiga. Abin da ya taru ki zuba a kwalba. Yana maye gurbin kanwa a miyar kuka da kuɓewa da ɗanwake, amma yana da ƙarfi, da ƙaramin cokali ake farawa, kuma a ɗaga shi inda yaro ba zai kai ba. Tokar da aka ƙona leda ko katako mai fenti a cikinta ba ta shiga abinci. Wadda aka tace kuma tana wanke bayan tukunya.

Haka ragowar tuwo. Na jiya ɗumame ne. Ƙanzon gindin tukunya a ɓanɓare a shanya, in ya taru a jiƙa a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan yaji. Yaran da ke cewa ba sa cin ƙanzo, yawanci ba a taɓa yi musu shi da kyau ba ne.

10. KOMA WA LITTAFIN

Bayan kowane zagaye rubuta abin da kika saya, a wace kasuwa, nawa, kwana nawa ya yi a shanya, nawa ya rage bayan bushewa, da watan da ya ƙare. Shekara mai zuwa wannan shafin ne zai faɗa miki ko kwando ɗaya ya ishe ku ko sai biyu.

Sannan ɗebi kaɗan daga kauɗar da kuɓewar ki kai wa tsohuwar ta duba. Za ta murza, ta shinshina, ta faɗi inda kika gaza, kuma a cikin gyaran nan wani sabon suna ko gari zai fito; rubuta shi a bayan littafin. Ɗauki hoton tsofaffin kayanta, tasa da kumbo da akushi da taskira, ki rubuta na wace ce asali da hannun da ya bi kafin ya iso gare ta. Muryar da kika ɗauka kada ta tsaya a waya ɗaya, don waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta. Tura wa 'yan'uwa biyu ko uku, amma ki fara cire duk abin da tsohuwar ta ce tsakaninku ne. Shafukan sunaye kuma ki yi musu hoto duk lokacin da kika ƙara wani abu, ki aika wa wanda ya fi kowa riƙon amana a dangi.